A Cire Muryata

Old Trafford, Manchester
Oktoba, 2013

Baba Davou,

Ina so a cire muryata. Muryar nan da ƙungiyarku ta tarihi ta ɗauka, wadda za ku kunna wa mutane a Lozells wata mai zuwa, ita nake roƙo a cire. Na fara da wannan ne don kada tsoro ya hana ni faɗa. Yanzu bari in gaishe ka yadda ya kamata. Ina wuni, Baba? Ya ƙafar? Ya ƙarin haƙurin Mama Catherine? Allah ya sa ta huta, ya ba ka dangana.

Ni ce Fusena, 'yar Kumasi, matar Mutawakilu mai aikin security, wadda ta zauna a flat ɗin da ke kallon ƙofarku. Ban iya rubutu ba. Faɗa nake yi, Anti Monica tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana. Ban kira ka ba don ba na so lambata ta shiga ko wace waya a Birmingham.

Ka san na ɓace bara, ni da 'yata Yelwa. Ban sani ba ko Mama ta gaya maka dalili. Mutawakilu ne ya ce lokacin yaye ya yi, zai kai yarinyar Kumasi wurin uwarsa. Baba, na san irin wannan yayen. Haka aka yi wa matar wansa, har yau a waya take ganin ɗanta, yaron ma Anti yake ce mata. Da na ce ban yarda ba, abin da ya yi mini ba zan sa a rubuta ba. Da safe Mama Catherine ta ga fuskata a wurin zubar da shara. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta saya mini ticket na coach, ta kira Anti Monica 'yar ƙanwarta ta ce ta tare ni, ta kwance zaninta ta goya mini Yelwa da shi.

To, a watan Afrilu wata Baturiya, Pauline, ta zo community centre inda muke taruwa da yara. Ta ce tana tara maganar baƙi na gari biyu ne don tarihi. Ta ce za a canza suna, ba hoto. Na yarda. Na yi maganar koko da waakye, shinkafa da wakenmu na Kumasi, da ranar da na fara ganin snow na ɗauka toka ce. Wannan duk ba komai.

Abin da na yi kafin nan shi ne matsalar. Baba, mu a zango rediyo ne ya rene mu. Duk wanda aka miƙa wa makirfo, kafin ya ce komai sai ya gaida mutanensa, in ba haka ba a ce ba shi da tarbiyya. Da ta ajiye abin nan a gaban bakina, jar fitila ta kama, sai bakina ya tafi shi kaɗai. Na gaida Mmata da ta haife ni, a unguwar Aboabo a Kumasi. Na gaida Mama Catherine ta Lozells da ta sa ni a mota. Na gaida Anti Monica mai shagon busasshen kifi a Old Trafford, na ce a saman shagonta nake kwana. Na gaida malaman nursery ɗin Yelwa, har sunan nursery na kira. Duk da Hausa. Pauline tana ta murmushi tana gyaɗa kai.

Jiya ta zo da leaflet tana murna. Ta ce muryata ce za ta tarbi duk wanda ya shigo hall, wai addu'ar da na yi a farko ta fi komai daɗi. Addu'a, Baba. Anti ta karanta mini inda hall ɗin yake. Bayan shagon nama na Jumare ne, inda Mutawakilu yake tsayawa duk Juma'a in an sauko daga masallaci. Na ce wa Pauline thank you, ta tafi.

An ce kai ne mai jin Hausa a committee. Don Allah, don darajar Mama, a cire.

Na bar ka lafiya. Ban gaya wa kowa ba, sai Anti Monica da ke rubutawa.

'Yarka,
Fusena

*

Lozells, Birmingham
Oktoba, 2013

Zuwa ga 'yata Fusena,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da fatan ke da jikata Yelwa kuna cikin ƙoshin lafiya. Ki gaida Monica da maigidanta Manasseh. Ƙafa da sauƙi, sai dai ba ta son matakala. Na gode da ta'aziyya.

Takardarki ta same ni, na karanta ta a tsaye, sai da na nemi kujera. Catherine ba ta taɓa gaya mini ba. Zanin nan mai ruwan ganye na tambaye ta shi, ta ce a launderette ya ɓata, har na yi mata faɗan rashin kula da kaya. Ta ci gaba da yanka albasa.

Bari in bayyana miki yadda abin yake a nan, domin ki san da wa kike magana. Ƙungiyar nan ba ta gwamnati ba ce. Tsofaffi ne, tsohon direban bus irina, da tsofaffin malaman makaranta, da wata da ta yi aikin nurse. Ɗaki ɗaya muke da shi a saman library. Aikinmu kowace shekara shi ne mu ɗauki maganar mutanen unguwa da bazara, mu rubuta ta da damina, a watan Nuwamba mu buɗe hall mutane su zo su ji, sannan mu rubuta report. A ɗakin akwai muryoyin 'yan Jamaica da 'yan Sylhet da 'yan Ireland waɗanda yawancinsu suna ƙasa yanzu. Akwai muryar Catherine tana yarinya, sabuwar zuwa daga Jos, tana ƙorafin cewa ba a samun acca a garin nan.

Da can council ke biyan hayar ɗakin. Sun daina, kamar yadda suka daina abubuwa da yawa. Bana wata foundation ce ta tallafa mana, da sharaɗi: muryoyi daga gari biyu, kuma dole a sami ta uwa matashiya. Sauran tallafin sai sun zo ranar buɗewa sun ga an cika alkawari. Ke kaɗai ce uwa matashiya daga Manchester. Shugabar foundation ɗin ta ji muryarki, ita ta ce a sa ta a bakin ƙofa.

Ni ya kamata in saurari duk abin da aka ɗauka da Hausa. Watannin nan ina asibiti gefen gadon Catherine, shi ya sa Pauline ta rubuta abin da kunnenta ya ba ta. Ba mugunta ba ce. Ranar Litinin na hau ɗakin, na sa headphones, na saurara. Duk abin da kika faɗa yana nan, ko makaho zai iya binsa har ƙofar shagon Monica. Na kuma ji kin kira sunan matata da ranta. Na maimaita wurin fiye da yadda aiki ya buƙata.

Ga shawarata. A yanke gaisuwar gaba ɗaya, a bar maganar koko da snow. Sunan da ke jikin katin ba naki ba ne, Zuwera aka sa. Ta haka ke kin tsira, ɗakin ma ya tsira. Idan kin yarda zan kai wa committee ranar Alhamis.

Ubangiji ya kiyaye shigarki da fitarki.

Naki,
Davou Choji

*

Old Trafford
Oktoba, 2013

Baba,

Ina gaisuwa, ina gaida ƙafa. Anti ta karanta mini takardarka sau biyu. Wurin zanin sai da ta tsaya ta sha ruwa. Zanin yana nan, Baba. Yelwa ba ta barci sai da shi, gefensa duk ta tauna.

Ka yi haƙuri, ban yarda ba. Na san ba a ce wa babba a'a, kuma ina jin nauyi, amma ban yarda ba.

Suna kuka canza. Murya ba ta da mayafi. Sherifatu, yayar Mutawakilu, ita ta yi mini wankan jego, ko tari na yi a bayan bango ta san ni ce. Ita kuwa ba ta barin taro ya wuce ta, in dai akwai shayi da biscuit kyauta tana layin gaba. Za ta shigo, ta ji ana maganar ganyen waakye da Hausar Kumasi, ta ɗaga kai ta ga an rubuta Manchester. Shi ke nan. Mu nawa ne masu jin Hausa a Manchester? Taron suna ɗaya za ta je, ko biki ɗaya, ta zauna kusa da masu rabon jollof, kafin a kwashe kwanuka ta san shagon da nake.

Kai ka ce ɗakin zai tsira. Ni ban san ɗaki ba, Baba, ban taɓa hawa ba. Amma na san muryar Mama tana ciki, shi ne abin da ya hana ni cin abinci tun jiya. Matar da ta fitar da ni, ni kuma in zama dalilin da za a fitar da muryarta waje. Na yi ta juya abin. Na ce wa Anti ko in haƙura, Allah yana nan. Sai Yelwa ta shigo da takalmi a hannu tana cewa Mummy, shoes, da bakin 'yan Manchester, ko gaisuwar Hausa ba ta gama iyawa ba. Idan aka sauke ta a Aboabo, wa za ta ce wa shoes?

Ka san yadda nake zaune? Labule ba ya buɗewa. In tram ya tsaya na ga mai baƙar jacket ya sauko, sai in janye Yelwa daga bakin taga. GP, likitar unguwa, ta tambaye ni me ya sa ba na barci, na ce mata haƙori ne. A nursery sun ba ni takarda in faɗi wanda bai kamata ya ɗauki yarinya ba, na ce babu kowa, don ina tsoron in na faɗa za su kira social, masu karɓe yara, su ce ban iya riƙo ba. Ba ni da wani abu a duniyar nan sai shirun da na yi. Shi ma ga shi na zubar da shi a makirfo da bakina.

Ban ce ku ƙona ba. Ban san yadda kuke yi ba. Kawai kada a kunna a Lozells, ko kalma ɗaya.

Na bar ka lafiya. Allah ya ƙara girma.

Fusena

Uncle, Monica ce. Wannan nawa ne, ba ta san na ƙara ba. Yarinyar nan ta rame kamar bandar da nake sayarwa. Ku tsofaffin nan kuna son muryar matattu, to ga mai rai tana magana. In committee ɗinku ya yi gardama, ka ce musu zan hau coach in zo in yi musu tarihi da bakina.

*

Lozells
Nuwamba, 2013

'Yata Fusena,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ki sa Monica ta zauna kusa da ke kafin ta karanta, kuma ta karanta har ƙarshe.

Gaskiyarki ce, ni ne ban yi tunani ba. Na kai maganar gaban committee ba tare da na faɗi sunanki ko inda kike ba. An yi gardama. Ma'ajinmu ya ce a sa wata ta karanta maganarki da muryarta, masu foundation ba za su gane ba. Tsohuwar nurse ta ce masa ranar da muka fara saka muryar ƙarya a ɗakin nan, gara a mayar da shi wurin ajiye kujeru. Pauline ta yi kuka, ta ce in gaya miki sorry, na ce zan faɗa. A ƙarshe an ɗaga hannu. An cire muryarki gaba ɗaya.

Amma ga abin da ban sani ba sai a wurin taron. Tun watan Satumba aka ɗora guntun farkon a shafin ƙungiya na internet, don tallar ranar buɗewa. Gaisuwar ce, daga Mmarki har zuwa sunan Catherine, da sunan Monica. Daidai kan kalmar kifi ya yanke. Bai kai ga Old Trafford ba, bai kai ga nursery ba. An sauke shi a gabana. Magana dai zarar bunu ce.

Shekaranjiya ina ɗakin ina ɗaure kwalaye, sai ga Sherifatu ta hawo. Ta gaishe ni har ƙasa, ta yi mini ta'aziyyar da ba ta yi ba tun rasuwar. Ta ce ta ji wata murya mai daɗi a waya, tana so ta ji sauran. Na ce an cire. Ta ce, "Baba, ashe Mama tana da 'yar'uwa Monica? A wane gari take sayar da kifin?" Na ce mata 'yan'uwan Catherine sun fi gashin kaina yawa, kuma kamar yadda take gani gashin ma ya tafi. Ta yi dariya, ni ma na yi. Ta ɗauki leaflet ɗaya ta sa a jaka. A jikin leaflet ɗin an rubuta Birmingham da Manchester.

Ban yi mata ƙarya ba, ban kuma ba ta komai ba. Amma ba zan ruɗe ki ba, 'yata. Suna da sunan Monica, suna da kifi, suna da gari. Sauran aikin ƙafa ne. Idan kina so ki tashi, akwai wata 'yar cocinmu a Salford, akwai kuma wasu a nesa. Ki faɗa kawai.

An buɗe hall ranar Asabar. A bakin ƙofa na sa muryar Catherine da ƙorafinta na acca, mutane suka yi ta dariya, ni na fita waje na ɗan tsaya. Masu foundation sun zo, sun yi mana kirki, sun ce sun fahimta, amma sharaɗi sharaɗi ne. Ƙarshen watan Maris za mu bar ɗakin. Kada ki ɗora wa kanki. Tun kafin ki buɗe baki ɗakin nan yake tangal-tangal. Kwalayen falona za su koma, inda gadon jinyar Catherine ya tsaya. Dama wurin ya yi mini faɗi.

Saura tambaya ɗaya. A ƙa'idarmu mai murya shi ke da iko da ita. Za mu iya gogewa. Ko kuma mu yi abin da muke yi wa masu maganar da ba ta lokacinta ba: a rufe, a ɗaure, a rubuta shekarar da za a buɗe da sunan wanda za a ba. Wanne kike so?

Ubangiji ya zama garkuwarki.

Naki,
Davou Choji

*

Old Trafford
Nuwamba, 2013

Baba,

Ina gaisuwa. Allah ya saka, Allah ya ba ƙafa lafiya kafin ɗaukar kwalaye. Uncle Manasseh ya ce zai zo da van a watan Maris, kada ka ɗaga ko ɗaya.

Kada a goge. A ɗaure, a rubuta sunan Yelwa, a ba ta in ta yi hankali. Ta ji waɗanda uwarta ta gaisar. Ka ajiye kusa da na Mama.

Da Anti ta gama karantawa na haɗa kaya. Na goya Yelwa da zanin, na sauko har cikin shago. Anti ba ta hana ni ba, ta ce dai in gaya mata wa zai tare ni a can. Na tsaya tsakanin kwandunan kifi ina tunani. Mama ɗaya ce, kuma ta tafi. In na je Salford zan sake rufe labule, in sake cewa haƙori ne, har ranar da bakina zai sake tafiya shi kaɗai. Na kwance goyon.

Har yanzu tsoro nake ji, Baba. Amma tunda shirun ya riga ya zube, na ce bari in ƙarasa zubar da shi inda zai yi mini amfani. In sun zo, ba za su same ni ni kaɗai a bayan labule ba.

Na koma wurin GP na ce mata ba haƙori ba ne, na nuna mata hannun da bai miƙe daidai ba. Ita ta tura ni law centre, wata lauya ta ce akwai takardar kotu da ke hana a fitar da yaro daga ƙasa, mun fara. Na gaya wa malaman nursery, na ba su hotonsa da na Sherifatu, ba wanda ya ce ban iya riƙo ba. 'Yar sandan unguwa ta zo ta sha shayi a shago, ita ma ta ji. Matar liman ta sani, ta ce duk sunan da Sherifatu ta je a garin nan, kafin ta zauna labari ya iso ni. Mai gyaran waya na gefenmu ma ya sani, ban san wa ya gaya masa ba, ina jin Anti ce.

Na bar ka lafiya, Baba. Yau da safe na kira Aboabo da lambata, ban ɓoye ta ba. Na gaya wa Mmata komai.

'Yarka,
Fusena